Shin hoton ƙwaƙwalwa yana nuna abin da mutum yake ji a ransa?

Mai Alli, Marwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata makarantar sakandare a nan Marwa, arewacin Kamaru, kuma tambayar da na kawo daga bakin ɗalibaina ta fito. Akwai wani gajeren bidiyo da yake yawo a WhatsApp, mai bayani da Faransanci, yana nuna hoton cikin kan mutum da tabo-tabo ja da ruwan ɗorawa. Mai maganar ya ce masana sun kai matsayin da za su sa mutum cikin na'ura su ga inda tsoro yake, inda ƙauna take da inda hassada take, har ma su tona asirin maƙaryaci. Ya ƙara da cewa na'urar ta tabbatar ƙyamar wanda ba ƙabilarka ba abu ne da ake haihuwar ɗan Adam da shi. Wannan magana ta ƙarshe ce ta hana ni sakewa, domin ajina ya haɗa Fulani da Mafa da Giziga da Tupuri da Barebari da Hausawa, kuma ba na son yaro ya koma gida da tunanin cewa kimiyya ta ba shi hujjar ƙin wanda suke zama benci ɗaya. Ina roƙon masu sani su bayyana mini abin da na'urar take aunawa a haƙiƙa, da kuma gwargwadon gaskiyar da ke cikin waɗannan maganganu.

Mai Ɗaukar Hoto, Garwa:

Wa alaikumus salam Malam. Aikina ɗaukar hoton marasa lafiya ne a asibiti, saboda haka zan tsaya a kan na'urar, in bar sauran ga waɗanda suka fi ni karatu.

Abin da muke kira IRM a nan, wato MRI da Turanci, ƙaton maganaɗisu ne mai rami a tsakiya, inda ake tura mutum a kwance. Wanda aka fi amfani da shi wajen bincike yana da ƙarfin tesla 3, wato ya ninka maganaɗisun ƙasa kusan sau 60,000, shi ya sa kafin a shiga ɗakin sai an cire ɗan kunne da zobe da makulli da duk wani ƙarfe. Hoton da likita yake nema a asibiti na siffar ƙwaƙwalwa ne, don a ga ƙari ko zubar jini ko wurin da shanyewar jiki ta taɓa. Wanda ke cikin bidiyonku wani salo ne daban da ake kira fMRI, wanda ya samo asali daga aikin Seiji Ogawa, ɗan ƙasar Japan, a Amurka a 1990, aka kuma fara gwada shi a kan mutane a farkon shekarun 1990. Ogawa ya lura cewa jinin da yake ɗauke da iskar oksijin da wanda ya riga ya sauke ta ba sa amsa wa maganaɗisu iri ɗaya. Ƙwaƙwalwa kuwa, ko da yake nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfinsa, kuma duk sashen da ya tashi aiki sai jijiyoyi su ƙara kwarara masa sabon jini. Wannan ƙarin jinin na'urar take aunawa, kuma yakan kai ƙololuwarsa ne daƙiƙa 4 zuwa 6 bayan ƙwayoyin ƙwaƙwalwar sun yi aikinsu, alhali su a cikin ɗan ƙaramin kaso na daƙiƙa suke aika saƙo.

Lamarin ya yi kama da mutumin da ya hau dutse da yamma yana hangen hayaƙi daga gidajen ƙauye. Zai iya cewa an hura wuta a gidan can, amma bai san ko tuwo ake tuƙawa ko ruwan wanka ake dafawa ba.

Yadda ake gwajin shi ma abin lura ne. Mutum yana kwance, an tokare kansa da matashi don kada ya motsa, an toshe masa kunne saboda ƙarar na'urar mai kama da bugun guduma, da ɗan madubi a saman idonsa da yake kallon hotuna ta ciki, da maɓalli a hannunsa. Za a nuna masa fuskoki masu tsoro sau da yawa, a nuna masa fuskoki na yau da kullum sau da yawa, sannan kwamfuta ta raba ƙwaƙwalwar zuwa dubban ƙananan akwatuna masu faɗin milimita 2 ko 3, kowanne ɗauke da dubban ɗaruruwan ƙwayoyi, ta lissafa inda aka sami bambanci. Bambancin kansa ƙanƙani ne, sau da yawa bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. Jan tabon da ɗalibanku suka gani, Malam, mai bincike ne ya shafa shi bayan lissafi, kuma galibi matsakaicin sakamakon mutane da yawa ne aka ɗora a kan hoto guda.

Inda aka yi lissafi dubbai a lokaci ɗaya, dole wasu su faɗo daidai bisa katari. A 2009 wani mai bincike, Craig Bennett, ya ba da rahoton yadda ya sa mataccen kifin salmon cikin na'urar, ya nuna masa hotunan mutane, ya yi lissafin ba tare da gyaran da ya kamata ba, sai ga tabo ya fito a ƙwaƙwalwar kifin. Ya yi hakan ne da gangan don ya gargaɗi abokan aikinsa. A 2020 an ba ƙungiyoyin masana 70 bayanai iri ɗaya, ba a sami biyu da suka bi hanyar lissafi iri ɗaya ba, kuma amsoshinsu sun sha bamban a tambayoyi da dama. A 2022 wani babban nazari a mujallar Nature ya nuna cewa kafin a danganta halin mutum da yanayin ƙwaƙwalwarsa cikin tabbaci ana buƙatar dubban mutane, alhali matsakaicin binciken da aka saba yi kusan mutum 25 ne.

Batun ƙarya kuwa, wata kotun tarayya a jihar Tennessee ta Amurka ta ƙi karɓar irin wannan hoton a matsayin shaida a 2010, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hakan a 2012. An kuma gwada a 2011 cewa idan wanda ake bincika ya riƙa ɗan motsa yatsarsa a ɓoye yadda aka koya masa, dacewar gano ƙaryar takan faɗo zuwa kashi 33 cikin 100.

Hajiya Likita, Injamena:

Malam Mai Alli, Allah ya saka da alheri da ka ɗauki maganar yaran nan da muhimmanci. Bayanin ɗan'uwanmu na Garwa daidai ne, sai dai ba na son a tashi da tunanin cewa binciken duka shirme ne, domin an koyi abubuwa na gaske, kuma wasunsu su ne amsar da za ka ba ɗalibanka.

A fara da tsoro. A can cikin ƙwaƙwalwa, ta kowane gefe, akwai wani ɗan curi da ake kira amigdala, kuma shi ne bidiyoyi irin wannan suke yi wa laƙabi da gidan tsoro. Abin da ya fi haska aikinsa wata mata ce a Amurka da littattafan bincike suke kira S.M., wadda wata cuta ta gado mai wuyar samu ta lalata mata shi ta gefe biyu. A 1994 Ralph Adolphs da abokan aikinsa a Jami'ar Iowa suka ba da rahoton cewa tana gane farin ciki a fuskar mutum, amma idan aka nuna mata fuskar wanda ya firgita sai ta kasa cewa tsoro ne. Daga baya an kai ta inda ake sayar da macizai, ta riƙa ɗaukarsu ba tare da ɗar ba. Da a nan labarin ya tsaya, da mai bidiyon ya yi gaskiya. Amma a 2005 aka bi motsin idonta da na'ura, aka tarar ba ta kallon idon mutanen da ke cikin hotunan, hanci da baki take kallo. Da aka ce mata ta dubi idanun, nan take ta gane tsoro kamar kowa, da aka daina tuna mata sai ta koma yadda take. Sannan a 2013 aka ba ta iska mai kashi 35 cikin 100 na iskar kabon dayoksaid, irin wadda muke fitarwa a numfashi, ta shaƙa, abin da yake sa jiki ya ji kamar ana shaƙe shi, sai ga matar da aka ce ba ta san tsoro ba ta firgita ƙwarai tana neman a cire mata abin da aka rufe mata hanci da shi. Wannan ya nuna tsoro yana da hanya fiye da ɗaya, kuma babban aikin amigdala shi ne jawo hankali zuwa ga abin da ya kamata a lura da shi. Hoton fMRI ya goyi bayan haka, domin takan motsa ga fuskar tsoro, ta motsa ga sabon abu, ga abinci idan ana jin yunwa, har ga abin farin ciki. A 2012 Kristen Lindquist da Lisa Feldman Barrett da wasu suka tattara sakamakon bincike masu yawa wuri ɗaya, ba su sami wani sashe da ya keɓanta da fushi kaɗai ko baƙin ciki kaɗai ba. Saboda haka wanda ya ga amigdala ta motsa ya ce lalle mutumin nan tsoro yake ji, ya faɗi abin da hoton bai faɗa ba.

Akwai dai sassan da suka fi wasu tsayawa a kan aiki guda. Nancy Kanwisher ta nuna a 1997 cewa wani wuri a ƙasan ƙwaƙwalwa, musamman ta dama, ya fi amsa wa fuskoki fiye da gidaje ko kayan aiki, kuma wanda ya sami rauni a wannan yanki yana iya kasa gane fuskar matarsa sai ta yi magana. A 2003 ita da Rebecca Saxe suka nuna wani wuri a sama da kunne ta baya da yake tashi aiki idan mutum yana tunanin abin da wani yake zato ko yake nufi. An maimaita waɗannan sau da yawa kuma sun tabbata.

Binciken da ya fi taɓa ni shi ne na Tania Singer a Landan a 2004. Ta kawo ma'aurata da masoya 16, matar tana cikin na'ura, namijin yana zaune a gefe, an liƙa wa kowannensu waya a bayan hannu mai ba da ɗan zafin lantarki, kuma alama a allo tana sanar da matar wanda za a taɓa. Idan namijin aka taɓa, sassan da suke sa zafi ya dami mutum, wato gaban wani lungu a gefen ƙwaƙwalwa da ake kira insula, da wani yanki a tsakiyar gaban ƙwaƙwalwa, sukan motsa a kanta kamar ita aka taɓa, amma sashen da yake sanar da wurin da zafin yake a fata bai motsa ba. Duk wadda ta taɓa riƙe ɗanta ana yi masa allura ta san wannan tun kafin a auna shi.

Yanzu ga batun ƙabila, wanda shi ne damuwarka. Gaskiya ne a 2000 Elizabeth Phelps da abokanta sun ga amigdalar wasu fararen Amurkawa tana ƙara motsi idan suka kalli fuskokin baƙaƙen da ba su sani ba. Amma a cikin wannan binciken kansa, da aka nuna musu fuskokin sanannun baƙaƙen da suke ƙauna, alamar ta ɓace, kuma mai bidiyon bai faɗi wannan ba. A 2008 Jay Van Bavel ya raba mutane rukuni biyu haka kawai, kowane rukuni da farare da baƙaƙe, ya ce wa kowa ga naka, sai ƙwaƙwalwarsu ta koma bin rukuni, ta ƙyale launin fata. A 2013 Eva Telzer ta auna yara daga shekara 4 zuwa 16, ta tarar ƙananan ba su da wannan bambanci sam, sai wajen shekara 14 yake fitowa, kuma yana raguwa ga yaran da abokansu suka haɗa launin fata daban-daban. A Zurich kuma an gwada magoya bayan ƙwallon ƙafa a 2010, aka ga tausayinsu ya fi motsawa ga mai goyon bayan ƙungiyarsu fiye da na ƙungiyar hamayya, alhali ba wanda aka haifa da rigar ƙwallo. Abin da na fahimta shi ne ɗan Adam yana da saurin raba mutane zuwa namu da nasu, amma wanda zai shiga cikin namu, gida da unguwa da makaranta ne suke koya masa. Ɗalibanka suna daidai shekarun da Telzer ta ambata, kuma bencin da Bamafe da Bafillace suke zama tare yana cikin abubuwan da suke tsara yadda za su kalli juna.

Dattijon Mokolo:

Hajiya, na karanta bayaninki da natsuwa, kuma akwai inda na tsaya. Kin ce matar nan ta kasa gane tsoro ne saboda ba ta kallon ido. To mu a nan yaro mai tarbiyya ba ya zuba wa babba ido, amarya ba ta ɗaga kai gaban surukai, Bafillace kuma yana iya kwana da baƙin ciki fuskarsa ba ta nuna ba saboda kunya da jimiri. Duk da haka muna gane wanda ransa ya ɓaci, ta muryarsa, ta yadda ya gajarta gaisuwa, ta yadda ya zauna nesa da tabarma. Idan ma'aunin Turawa fuska ce da ido, ina ganin za su auna mu su ce ba mu da lafiya.

Na kuma tuna an taɓa zuwa nan duwatsun Mandara. Wani Bajamushe, Thomas Fritz, ya sa wa Mafa 21 da ba su saba da kiɗan Turawa ba kiɗan piyano, suna nuna hoton fuskar da ta dace da shi, ta murna ko ta baƙin ciki ko ta tsoro, aka buga sakamakon a 2009. Sun dace fiye da a ce katari ne, amma ba su kai Turawa ba. Ban ji an sa ko ɗayansu cikin na'ura ba.

Hajiya Likita, Injamena:

Baba, maganarka tana kan hanya, kuma masanan da kansu sun fara yarda da ita. Wani nazari na 2008 ya duba manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam, ya tarar kashi 96 cikin 100 na waɗanda aka gwada daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin 100 na mutanen duniya ba. A hoton ƙwaƙwalwa giɓin ba zai gaza haka ba, domin na'urar tana da tsada, tana son wutar lantarki marar yankewa da sanyi na dindindin, kuma 'yan kaɗan da muke da su layin marasa lafiya ya ishe su.

Inda aka fita daga wannan da'irar an ga bambanci. Rachael Jack ta Jami'ar Glasgow ta nuna a 2009 cewa mutanen gabashin Asiya sun fi tsayar da kallo a ido, Turawa kuma suna yawo da shi har baki, shi ya sa na farkon sukan ɗauki fuskar tsoro ta Turawa a matsayin mamaki. A 2014 Maria Gendron ta ba Himba na Namibiya hotunan fuskoki su rarraba, ba su raba su gida shida, kamar na murna da na fushi da na tsoro, yadda Amurkawa suke yi ba, kuma sun fi bayyana abin da mutumin yake aikatawa, kamar dariya ko kallo, fiye da abin da yake ji. Ko karatu yana sauya ƙwaƙwalwa, domin Stanislas Dehaene ya auna manya a Brazil da Portugal a 2010, ya ga waɗanda suka koyi karatu, har da waɗanda suka koya da girma, wani wuri ta hagu kusa da sashen fuska ya koma amsa wa rubutu. Idan haruffa suna yin haka, ina kyautata zaton shekarun sunkuyar da kai da sauraren murya su ma suna barin alamarsu, kuma abu ne da ya cancanci 'ya'yanmu na jami'o'in Marwa da Garwa da Ngaundare da Injamena su auna da kansu.

Hanyar ma ta fara samuwa. Akwai wata hula mai ƙananan fitilu da ake kira fNIRS, wadda take auna jinin saman ƙwaƙwalwa da haske, kuma ana iya ɗaukarta a mota. Sarah Lloyd-Fox da abokan aikinta sun kai ta ƙauyen Keneba na Gambiya, suka buga a 2014 cewa jarirai 'yan wata 4 zuwa 8 da aka nuna wa bidiyon manya 'yan Gambiya suna yi musu wasa, ƙwaƙwalwarsu ta amsa a yankin da ta jariran Ingila take amsawa. Ba ta hango amigdala saboda zurfinta, amma ta nuna tushen lura da mutane ɗaya ne tun daga goyo, bambancin daga baya yake ginuwa.

Mai Alli, Marwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Zan kai wa ajin labarin S.M. da na yaran da Telzer ta auna, kuma zan sa su tattauna maganar Baba ta yadda muke gane ɓacin rai ba tare da kallon ido ba. Saura tambaya ɗaya daga wata abokiyar aikina. Ƙanwarta ta daina cin abinci da barci tun bayan haihuwa, tana yawan kuka, kuma dangi suna shirin haɗa kuɗi a kai ta Yawunde a yi mata IRM don a ga abin da yake damunta. Shin hoton zai nuna?

Mai Ɗaukar Hoto, Garwa:

Malam, a gaya wa Malama kada su fara da hoto. Har yau babu hoton ƙwaƙwalwa da ake tabbatar da ciwon damuwa da shi a kan mutum guda, ko a Turai, kuma abin da ya fi yiwuwa shi ne su kashe kuɗin mota da masauki da na hoton, a ce musu ba a ga komai ba, su dawo suna zaton yarinyar lafiyarta ƙalau. Ciwon damuwa bayan haihuwa sananne ne, yana kama fiye da mace ɗaya cikin goma, ana gane shi ta hanyar zama da marar lafiya a yi mata tambayoyi, kuma yana jin magani. Su kai ta wurin likita ko ungozomar asibitin da ta haihu cikin wannan makon, a duba jininta da hawan jini tare. Likita ne zai nemi hoto idan ya ga alamar da ta sa shi zargin wani abu a cikin kai, kamar matsanancin ciwon kai, farfaɗiya, rauni a gefe ɗaya na jiki ko rikicewar gani. Idan kuma ta fara maganar cutar da kanta ko jaririn, ko tana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar.